Ƙarfen igiyar shanyata ya sake kwanciya, yaya ake kafa shi ya zauna?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sanin harkar gini ku taimaka mini da shawara. Wata bakwai ke nan da tarewarmu a gidanmu nan Ɗorayi, har yau igiyar shanya ta gagare mu. Filin da ke bayan kicin ne kaɗai yake samun rana sosai, tsawonsa zai yi taku goma sha biyu. Da farko maigidan ya sa yara suka kafa ƙarafa biyu, suka danne gindinsu da duwatsu, ba a yi sati uku ba ɗaya ya karkace. Aka kira wani yaro ya zuba musu siminti. Shekaranjiya na wanke barguna biyu da zannuwan gado, ina shiga ɗaki hadari ya taso, kafin in fito ƙarfen ya kwanta da simintinsa gaba ɗaya, kamar an tuge rogo. Duk wankin ya koma cikin taɓo. Wallahi sai da na yi hawaye, don har yanzu bayana bai sake ni ba. Zurfin nawa ake haƙawa? Wane irin ƙarfe ya dace? Ko in haƙura da ƙarfe in nemi itace?

Ummu_Sudais:
Wayyo, sannu 'yar'uwa. Wanda bai taɓa wanke bargo da hannu ba ba zai san zafin wannan ba. Allah Ya ba da lada. Bari masana su zo.

Baba_Magini:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin in ce komai, gaya mini abu biyu. Simintin da ya fito tare da ƙarfen, yaya siffarsa take, kamar faranti ko kamar bokiti? Sannan ƙarfen da ke cikin ƙasa, tsawonsa ya kai nawa?

Maman_Ilham:
Baba, kamar babban tire yake, mai faɗi, kaurinsa bai wuce tafin hannu ba. Yanzu na je na gwada ramin da ƙafata, iyakarsa rabin ƙwaurina.

Baba_Magini:
To ai shi ke nan, kin ba ni amsa. Yaron nan hula ya sa wa ƙarfen, bai yi masa gindi ba. Faɗin siminti a saman ƙasa ba ya riƙe komai, zurfi ne yake riƙewa. Da ruwa ya jiƙa ƙasar sama sai ta zama kunu, iska ta samu barguna a buɗe, sai abin ya taho.

Ga yadda nake yi, shekara talatin da wani abu ina wannan sana'a. Ramin ya kai ƙafa 2 da rabi, wato kamar santimita 75. In ƙasar mai tauri ce irin marmara, ƙafa 2 ta isa. Faɗinsa ƙafa 1 ta ko'ina. Kada a haƙa shi kamar kwano, baki a buɗe gindi a tsuke, wannan shi ne kuskuren da leburori suka fi yi saboda ya fi sauƙin haƙa. Bangon ramin ya sauka a miƙe, in ma da hali gindin ya ɗan fi bakin faɗi, yadda kankaren zai maƙale a ciki.

A fara zuba tsakuwa kaurin yatsu huɗu a ƙasan ramin, ƙarfen ya tsaya a kanta. Kwaɓi kuma awo 1 na siminti, 2 na yashi mai kaifi, 4 na tsakuwa. Da me za a auna ba damuwa, bokiti ko kwano, in dai abu ɗaya ne aka yi amfani da shi duka. Ruwa kaɗan, kada a yi shi tsululu. A zuba kashi-kashi ana soka shi da guntun rodi don iska ta fita. Buhu 1 na siminti mai kilo 50 zai ishi ramukan biyu. A sama a tayar da kankaren ya ɗan fi ƙasa tudu, a gangaro da shi, don ruwa kada ya kwanta a wuyan ƙarfen.

Abin da ya fi duka wahala shi ne haƙuri. Kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma, ba a ɗaura igiya, ba a bari yara su taɓa.

Abban_Hanif:
Baba kwana bakwai bai yi yawa ba? Ni nawa washegari aka ɗaura igiya, ga shi nan shekara biyu.

Baba_Magini:
Allah ne Ya taimake ka, wataƙila kuma kayan da aka fara shanyawa marasa nauyi ne. Siminti ya bushe a ido daban, ya yi ƙarfi daban. Yana buƙatar damshi kafin ya nuna. In aka girgiza ƙarfe yana ɗanye, sai ɗan rami ya buɗe a zagayensa, ba za ka gani ba sai damina ta biyu lokacin da ruwa ya sami hanyar shiga.

Injiniya_Zazzau:
Abin da Baba ya faɗa haka yake a littafi ma. A kwana 7 kankare yana kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakken ƙarfin kuwa a kwana 28 ake auna shi.

Amma akwai wani abu da nake so Maman Ilham ta lura da shi, domin ina zargin yana cikin abin da ya kayar da ƙarfen. Mutane suna son su ja igiya ta miƙe sak kamar tsirkiyar baka, suna ganin hakan ne kyau. To duk yadda igiya ta miƙe, haka jan da take yi wa ƙarafan yake ninkuwa. Misali: tazarar mita 8, kika rataya jiƙaƙƙen kaya mai kilo 10 a tsakiya. In igiyar ta lotsa da santimita 20 kawai, jan da ke kan kowane ƙarfe ya kai na kilo 100. In kika bar ta ta lotsa da santimita 40, ya sauko kusan kilo 50. Kaya ɗaya ne, bambancin sakin igiya ne kawai. Sannan wannan jan a can saman ƙarfen yake, mita 2 daga ƙasa, yana ɓanɓarar gindin kamar yadda ake ɓanɓare ƙusa da guduma.

Taku goma sha biyu ɗin da kika ce zai kai mita 8 ko 9. Ya yi tsawo ga ƙarafa biyu. Ko dai a sa na uku a tsakiya, ko a rage tazarar zuwa mita 5 ko 6 a yi layi uku a jere.

Maman_Ilham:
Injiniya wallahi kamar kana wurin. Maigidan da kansa ya ja ta har sai da take ƙara in an taɓa, wai don kada kaya su ja ƙasa.

Inna_Ta_Gwarzo:
Ku yaran yanzu kun manta da gwafa ne? Igiya ana sakinta ta sauko daidai hannunka, ka shanya kayanka a natse, sannan ka kawo doguwar gwafa ka tokare tsakiya ka ɗaga sama. Nauyin sai ya sauka a kan gwafar. Haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi, kuma turakunsu na itace ne, ba siminti ba komai. Gidan mahaifina akwai turken ƙirya da na yi wayo na gan shi, har na yi aure yana nan.

Injiniya_Zazzau:
Inna, gwafar nan ita ce ƙarfe na uku da nake magana, ga shi ba ta cin ko sisi. Na karɓi gyara.

Hajjo_Kurna:
Ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ba katanga a gidan? A buga ƙusar kankare nan, a buga can, a ɗaura igiya. Mu haka muke yi.

Ɗan_Sabon_Layi:
Hajiya, a yi hattara da wannan. Mu ma haka muka yi. Katangarmu bulo ne mai inci 6, cikinsa rami. Kullum ƙusa tana fita da ɓallin filasta, a matsa gaba a buga wata, har wurin ya zama kamar fuskar mai zanzana. Daga baya ƙanena ya huda bulon ya zura rodi ya lanƙwasa ta baya. Wannan ya riƙe, amma bayan damina biyu tsaga ta fito a layin bulo na sama tun daga wurin rodin har kwana. Katangar kuma ta haɗaka ce da maƙwabcinmu, sai da muka ba shi haƙuri muka gyara da kuɗinmu. In dole sai a bango, a nemi inda ginshiƙin kankare yake, ko a sauko ƙasa da layi uku daga sama inda akwai nauyin gini a kai.

Hajjo_Kurna:
To mu dai namu ginin ƙasa ne na da, kaurinsa ya kai kamu biyu, turaku ne a jikinsa tun ginin farko. Wataƙila shi ya sa.

Mai_Walda_Kwakwaci:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu. Hajiya Maman Ilham, ƙarfen da aka kafa miki, zagayayye ne ko mai kusurwa huɗu? In irin siririn nan ne da muke yin kujeru da shi, ko an binne shi ƙafa goma sai ya lanƙwashe a wuya. Ki sa a nemo fayif zagayayye mai inci 2, mai kaurin jiki, irin na ruwa wanda aka yi wa farin rufi, galbanaiz. A kasuwa za a nuna muku mai nauyi da marar nauyi, faɗinsu ɗaya, kuɗinsu daban. A ɗaga a ji a hannu. Guda ɗaya tsawonsa kusan mita 6 ne, yana ba da turaku biyu masu ƙafa 8 da rabi, har da ɗan saura. Ƙafa 2 da rabi a ƙasa, ƙafa 6 a sama.

Abu uku nake yi wa kowane turken shanya. Na ɗaya, ina liƙa guntayen rodi biyu a gicciye a gindinsa, su ne za su kama kankaren, ba zai juya ba kuma ba zai zare ba. Na biyu, ina toshe samansa da ɗan faifan ƙarfe. In aka bar shi a buɗe ruwan sama yana taruwa a ciki, tsatsa ta ci shi ta ciki, kana ganinsa lafiya a waje rana ɗaya ya karye daidai ƙasa. Na uku, a sama ina gicciya wani ƙarfen mai ƙafa 3, da zobba uku ko huɗu, ya zama layi uku ko huɗu ke nan a turke ɗaya.

Duk inda wuta ta taɓa, farin rufin ya ƙone, don haka sai an goge an shafa jan fentin nan mai hana tsatsa. A shafa shi ma a wuyan, daga kamu ɗaya cikin kankare zuwa kamu ɗaya a sama, don nan ne yake fara ruɓewa.

Maman_Ilham:
Mai kusurwa huɗu ne, ragowar wanda aka yi mana rumfar mota da shi. Kuma samansa a buɗe yake, da ya faɗi har ruwa mai ja ya zubo daga ciki.

Abu_Maryam_Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu ƙasar rairayi ce, kana haƙa tana rubzawa. Abin da muke yi, sai mu samu tsohon bokiti ko rabin ƙaramar tano, wato ganga, mu fasa gindinta, mu saka cikin ramin, mu zuba kankaren a ciki, sannan mu maida rairayi kewaye muna zuba ruwa muna dannawa. Kuma santimita 75 ba ta isa nan, sai mun kai kusan mita guda. Wani abu kuma, ni nakan ɗan karkata ƙarfen baya kaɗan, ya kauce wa wajen da igiya take ja, in kaya suka hau sai ya dawo daidai.

Baba_Magini:
Maganar rairayi gaskiya ne Malam, jigawa sai an ƙara zurfi. Amma karkatarwa ban yarda da ita ba. Ƙarfen da ke cikin kankare in har ya motsa ya dawo daidai, to gindinsa ya saki ke nan, gobe zai wuce daidai ɗin. A tsayar da shi sak, a duba da ma'aunin magina ta fuska biyu. In babu, a ɗaura dutse a zare a sake shi kusa da ƙarfen, ido zai nuna. A tokare shi da katako uku har kankaren ya kama.

Abu_Maryam_Maraɗi:
Baba, ba gindin ne ke motsi ba, jikin ƙarfen ne ke ɗan ba da kai. Yatsa biyu kawai nike karkatarwa. Nawa shekara biyar ke nan.

Injiniya_Zazzau:
Ku duka biyun kuna da hujja. Karkatar yatsa biyu ba ta ƙara ƙarfi, ba ta kuma ragewa, ido kawai take gyarawa. Abin da ke ƙara ƙarfi na gaske shi ne tokari: wani guntun ƙarfe da za a liƙa daga tsakiyar turken ya sauko a karkace ta ɓangaren igiyar, da nasa ɗan kankaren. Ko a ja waya daga sama zuwa turke a ƙasa ta baya, kamar yadda ake yi wa falwayar da ke ƙarshen layi. Sai dai wayar bayan nan tana harɗe yara da dare, ban so ta a gidan da ke da ƙanana.

Yagana_M:
Ni a Dikwa na taso, ƙasarmu baƙar laka ce da muke kira firgi. Da rani tana tsagewa har hannu ya shiga, da damina ta kumbura. Duk abin da aka kafa sama-sama sai ta tura shi gefe, ko da kankare. Mahaifinmu yakan haƙa da zurfi sosai, ya zagaye da yashi da tsakuwa kafin ya maida ƙasa. Don haka kowa ya dubi irin ƙasar gidansa tukuna, awon wani gari ba lallai ya yi a wani ba.

Amaryar_Mararraba:
Duk wannan na masu gidan kansu ne. Mu 'yan haya fa? Mai gidanmu ya shafe tsakar gidan da siminti, ya ce ko ƙusa kada a buga. Ɗaki tara, igiya biyu. Ranar Asabar in ba ka fito tun asuba ba sai dai ka shanya a kan katanga. An sha yin faɗa a kan wata ta ture kayan wata tun ba su bushe ba. Na ga wasu suna zuba kankare a bokitin fenti su tsayar da ƙarfe a ciki, yana yi kuwa?

Injiniya_Zazzau:
Bokiti mai lita 20 cike da kankare nauyinsa kusan kilo 48 ne. Da jin haka za ka ce ya isa, amma gindinsa ƙarami ne. In ƙarfen ya kai mita 2, jan kilo 4 a samansa ya isa ya kifar da shi. Tsohuwar tayar mota cike da kankare ta fi, saboda faɗinta, kuma ana iya mirgina ta a ajiye gefe. Ita ma dai ta kayan yara ce da ɗankwali. Ga ɗan haya na fi son a je wajen mai walda ya yi abin shanya mai ƙafa huɗu wanda ake naɗewa, ranar tashi ka ɗauki abinka.

Maman_Twins_Jos:
Taya muke amfani da ita nan Rikkos, don gidanmu kan dutse yake, diga ma tsalle take yi. Tayar babbar mota biyu, tazarar taku biyar, muna ɗora bulo a kansu. Bargo kuwa a kan dutsen bayan ɗaki muke shimfiɗa shi.

Nas_Rabi:
Maman Twins, don Allah a rage shanya a ƙasa ko a kan dutse da ciyawa, musamman kayan jarirai. Akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a ƙasa mai damshi da kuma jikin kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, ya fi son masu warin fitsari ko gumi. In aka sa wa yaro, tsutsar sai ta shiga fata, wurin ya kumbura kamar maruru da ɗan baki a tsakiya. Ina ganin irin wannan a wurin aiki lokacin damina, uwa ta yi ta shafa magani ba ta san tsutsa ce a ciki ba. Maganin abin shi ne a shanya a igiya cikin rana sosai, sannan a goge kayan da dutsen guga mai zafi ciki da waje, zafin yana kashe ƙwan.

Maman_Twins_Jos:
Innalillahi. Anti Rabi, an taɓa matse wa Hassan ɗina irin wannan a cinya, ban taɓa danganta shi da shanya ba. Na gode ƙwarai.

Malam_Na_Lantarki:
Tun da an zo maganar lafiya, ga tawa. Ina roƙonku da girman Allah, kada a ɗaura wayar shanya ta ƙarfe a jikin kwanon rufi, ko ƙarfen taga, ko ƙarfen da ke riƙe da wayar wuta da ta shigo gida, ko kusa da inda ake ajiye janareto. Wayar wuta in ta goge a bakin kwano, duk rufin ya ɗauki wuta, wayar shanya ta kwaso ta. Mai shanya kuma hannunta a jiƙe, ƙafarta ba takalmi, ƙasa a jiƙe. An taɓa kirana wani gida inda yarinya ta ce igiya tana ɗan cizonta, aka ce mata tsoro ne. Da na sa abin gwaji sai ga wuta a kai. Allah ne kawai Ya tsare. Kuma lokacin da za a ɗaga dogon fayif a tsayar, a dubi sama tukuna ko akwai waya. In ana tsawa ma a bar kayan su jiƙe, kada a fita kwashewa daga kan wayar ƙarfe.

Ummu_Sudais:
Allah Ya saka da alheri Malam. Tamu a jikin ƙarfen taga take, yau za a kwance ta in sha Allah. To wace igiya ce ta fi? Ta roba shuɗiyar nan rana tana cinye ta, wata shida ta fara zubar da gari a jikin kaya.

Hajiya_Mai_Shadda:
Ni sana'ata ke nan, wanki da bugu, don haka na gwada kusan duka. Waya tsirara tana tsatsa, ta bar jan layi a kafaɗar farar shadda, kuma wannan tabon ba ya fita da sabulu. Ta roba tana miƙewa, kullum kana cikin ɗaurewa. Wadda na zauna a kanta ita ce wayar ƙarfe mai rigar roba. In rigar ta fara tsagewa sai a canza. Kafin kowace shanya ina bin ta da jiƙaƙƙen tsumma, balle da hunturu da ƙura take kwanciya a kai. Shadda mai kala da atamfa kuma a juya cikinsu waje, kada a bar su su wuni, ranar Kano ba ta barin kala.

Abban_Hanif:
Mu tsohuwar wayar dish muke amfani da ita, baƙar nan. Ba ta tsatsa, ba ta ɓata kaya.

Kawu_Manomi:
Ban ga an ba itace haƙƙinsa ba, bayan Maman Ilham ta tambaya. Ba kowa ke da kuɗin fayif da walda ba a wannan zamanin. Azara ta giginya in ta nuna, gara ba ta cika damunta ba, shi ya sa aka yi rufin soraye da ita. Ƙirya ma haka, sai dai samunta ya yi wuya yanzu, masu gawayi sun gama da ita. Turare da darbejiya su ne a kasuwa. A ɓare ɓawon, a bar shi ya bushe, a babbaka gindin a wuta har ya yi baƙi, a shafa baƙin mai. Itace kuma ba na ba shi kankare. Kankare yana riƙe masa ruwa kamar kofi, sai ya ruɓe a wuya. Tsakuwa da marmara ake zubawa kaɗan-kaɗan ana kirɓawa da taɓarya har ya cika.

Nas_Rabi:
Kawu, baƙin man nan in akwai rijiya kusa a bar shi, yana bin ƙasa ya shiga ruwa.

Kawu_Manomi:
Haka ne 'yata, shafawa ake yi a bar shi ya sha a rana, ba a tuttula shi a rami. In rijiya na kusa babbakar kaɗai ta isa. Kuma kada wani ya ce zai dasa reshen cediya ya zama turke mai rai. Zai kama kam, amma saiwarsa za ta shiga ƙarƙashin gini.

Baba_Magini:
Na tuna wani abu da ban faɗa ba. 'Yata, kin ce bayan kicin ne. Kafin a sa diga, a tambayi wanda ya yi aikin famfo inda ya bi da fayif ɗin ruwa da na wanke-wanke, da inda sokawe take. Kada a kafa kusa da bakinta, ƙasar wurin cikowa ce, ba ta da ƙarfi. A kuma ja baya daga katanga kamar taku biyu, don iska kada ta riƙa goga kaya a bango.

Amaryar_Mararraba:
Wata tambaya, in gidan da ake taro ne fa? Gidan iyayena duk biki ko suna sai an kafa rumfa a tsakar gida, ƙarafan shanya suna tsaye a tsakiya suna tare wuri.

Mai_Walda_Kwakwaci:
Akwai dabara. Fayif ɗin roba mai kauri wanda ya ɗan fi ƙarfen faɗi, shi ake binnewa a kankaren, bakinsa daidai da ƙasa, gindinsa a kan tsakuwa don ruwa ya tsiyaye. Sai a zura ƙarfen a ciki. Ranar taro a zare, a toshe ramin. Amma a wannan ba a liƙa rodin gindi, kuma in faɗin ya yi yawa zai riƙa girgiɗi.

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. Na karanta wa maigidan duk abin da kuka rubuta. An sayo fayif mai inci 2, mai walda ya toshe sama ya sa rodi a gindi da zobba uku. Da aka zo haƙa sai ga fayif ɗin wanke-wanke daidai inda tsohon ramin yake, ashe yana ɗan yoyo, shi ya sa wurin kullum a jiƙe. Baba, Allah Ya ja kwana, da ba ka faɗa ba da diga ta fasa shi. An gyara shi, aka matsa gefe. Mun rage tazarar zuwa mita 6. Zurfi dai ƙafa 2 da ɗan kai aka samu, an tarar da marmara mai tauri. Ni da kaina na riƙa ba shi ruwa har kwana 7. Jiya na shanya zannuwan gado, ko gezau. Bargo ban gwada ba tukuna, ina jiran a kawo mini gwafa daga ƙauye kamar yadda Inna ta ce.

Inna_Ta_Gwarzo:
Madalla 'yar nan. A samo mai tsawo, ta fi ƙarafan da kamu ɗaya.

Abu_Maryam_Maraɗi:
Barka. Amma ni da an ƙara ko kamu guda, tun da wurin ya daɗe yana shan ruwa. A sa ido a kai cikin watan Agusta.

Baba_Magini:
In marmara ce ta gaske aka taras, ƙafa 2 ta wadatar. Abin da zan roƙa kawai, Babbar Sallah in ta zo kada a ɗaure rago a jikinsa, kuma a hana yara lilo a kan ƙarfen saman. Yawancin waɗanda ake kirana in gyara, ɗayan biyun nan ne ya girgiza su.

Ɗan_Sabon_Layi:
Baba, ni tawa tsakar gidan an riga an shimfiɗa mata intalok, ƙananan bulon nan da ake jerawa a ƙasa. Sai na fasa, ko akwai yadda ake ɗaure ƙarfen a kai da noti?

Baba_Magini:
Noti ba zai riƙe a intalok ba, a kan yashi yake zaune. Cire guda huɗu ko shida a wurin, ka haƙa, ka zuba kankaren ya tsaya ƙasa kaɗan, sannan a yanka su a mayar a zagaye ƙarfen. Wace irin ƙasa ce a ƙarƙashinsa, cikowa aka yi ko ta asali ce?